Baba Bai Iya Faɗa da Bakinsa Ba

Sunana Bara'atu, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare da ke bakin babbar hanya a cikin garin Birnin Gwari. Kafin in ba ku labarin makon da za a sa mini rana, bari in fara gabatar muku da mutanen gidanmu, don kada ku ruɗe a gaba.

Akwai Baba, wanda gari ya sani da Maiturare saboda sana'arsa ta asali, yanzu kuma ana ce masa Kansila. Akwai Umma. Akwai Auta, ƙanwata, wadda bakinta ya fi jikinta girma. Sai Baffa Mustapha, yayan Baba, da katanga ɗaya ta raba gidansa da namu. Ba mu rasa abinci ba, ba mu rasa sutura ba. Abin da babu a gidanmu shi ne magana kai tsaye tsakanina da Baba.

Ni ce 'yar fari. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kama sunana ba. Idan yana nemana sai ya ce wa Auta, "Kira mini yayarki." Idan ni kaɗai ce a tsakar gida sai ya yi gyaran murya ya ce, "Ke." Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka ya tarar iyayensa suna yi wa yayansa. Maganar aurena kuwa ko a gaban Umma ba ya yinta. Wannan aikin Baffa Mustapha ne, shi ke karɓar baƙi, shi ke yanke magana. Baba idan ya ji an fara, sai ya ɗauki butarsa ya nufi masallaci ko lokacin salla bai yi ba.

Garin namu kuma abin da ya rasa shi ne tashar manyan motoci. A shekarun da daji ya hana mu sakat, hanya ta mutu, kasuwa ta zama kufai, babu wanda ya damu da tasha. Da abubuwa suka ɗan lafa, manoman Kutemeshi da na ƙauyukan ciki suka fara fito da masara da waken suya, sai tireloli suka dawo. Ba su da wurin tsayawa, don haka suke jeruwa a bakin hanya, har ƙofar makarantarmu. Yarana na aji uku ta ƙarƙashin tirela suke sunkuyawa su shigo.

Ta haka ma na haɗu da Abdulfattah. Wata safiya na fita in yi wa direban da ya toshe mana ƙofa faɗa, sai aka nuna mini mai kayan. Dogo ne, yana sanye da shadda ruwan toka da hula zanna, yana cin gyaɗa hankali kwance. Na yi masa bayani kamar yadda nake yi wa yara, ɗaya bayan ɗaya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ko akwai aikin gida. Ya sa aka janye motar. Bayan kwana biyu ya aiko wa ajina kwalin alli, bayan mako guda kuma ya samo lambata. Tun daga nan yake ce mini Malamata.

Ina son sa. Na faɗa muku wannan tun yanzu don kada wani ya ce na yi abin da na yi ne saboda ba na so.

Magabatansa sun riga sun kawo gaisuwa wurin Baffa Mustapha, an raba goro da alawa a dangi. Saura sa rana, kuma an tsayar da Juma'a bayan la'asar. Ranar Larabar makon kuwa kwamitin kansilolin da ke duba filaye da kasuwanni zai zauna ya yanke inda za a yi tashar. Baba yana cikin kwamitin.

Wurare biyu aka kawo. Ɗaya a hanyar Kaduna, fili ne mai faɗi amma yana riƙe ruwa da damina. Ɗayan a hanyar Funtuwa, a kan tudu, kuma gefensa gonar gadon su Abdulfattah ce. Idan tasha ta sauka a nan, shaguna da ɗakunan ajiyar hatsi zai jera a gonar. Ya ma fara sauke yashi da bulo. Sauran kansilolin sun rabu biyu daidai, kowane ɓangare yana jan tashar zuwa kusa da mutanensa. Duk inda Baba ya karkata, nan za a yi.

To, ƙa'idar zamansu ita ce, kafin a fara, shugaban kwamiti zai tambaya ko akwai wanda maganar ta shafe shi, ko ta shafi wani nasa. Wanda ta shafa sai ya tashi ya faɗi yadda ta shafe shi, magatakarda ya rubuta, sannan ya fita har a gama. Ku lura da wannan: sai ya faɗa da bakinsa, a gaban mutane. Wato sai Baba ya tashi ya ce mai gonar nan yana neman 'yarsa.

An taɓa kiran zaman sau ɗaya a baya. A ranar sai Baba ya ce gyambon cikinsa ya tashi, ya kwanta a ɗaki ya rufe ƙofa. Da suka ga babu shi, suka ɗage zaman, don kowane ɓangare yana sa ran zai samu ƙuri'arsa. Da yamma na ga kwanon tuwonsa ya fito babu ko loma.

Ranar Lahadi Abdulfattah ya zo zance bayan la'asar. Na sa atamfa mai ruwan ganye da mayafi ruwan madara, Auta ta shimfiɗa mana darduma a zaure ta ajiye zoɓo. Mun yi hirar launin fentin ɗaki, yana son fari, ni ina son ruwan ƙasa. Har ya miƙe zai tafi, sai ya sake zama.

"Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi."

"Zai iya fita ranar Laraba dai ko?"

Na ce ban sani ba, ba ma irin wannan maganar da shi. Ya yi 'yar dariya ya ce shi ba alfarma yake nema ba. Ko makaho aka kai wuraren nan biyu, da sandarsa zai gane wanda ya fi. Baba ya je ya faɗi gaskiya kawai, shi ke nan.

"Kuma Malamata, ke ce fa kike kuka da tireloli a ƙofar makaranta."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi damuna. Ni ma da za a tambaye ni, tudun hanyar Funtuwa zan zaɓa.

Bayan magariba saƙonsa ya shigo: "Na isa gida. Ki gaida mini Baba da jiki." Can ƙasa kuma ya ƙara: "Fari dai za mu yi wa ɗakin."

Ranar Litinin a makaranta, lokacin tara, ina zaune a gindin dalbejiya ina duba littattafan yara sai ƙawata Laraba ta jawo benci ta zauna. Laraba ce ke koyar da aji biyar, tare muka yi kwalejin ilimi. Mahaifinta, Kansila Andrawus, shi ma yana cikin kwamitin, kuma abokin Baba ne tun suna samari, lokacin da Baba ke zuwa ƙauyensu tallar turare a keke.

"Amarya, kin ji abin da ake faɗa a kasuwa?"

Na ce ban ji ba. Ta ɓare ayaba ta miƙo mini rabi, sannan ta faɗa mini a hankali. Wasu na cewa Maiturare ya yi ciwon ƙarya ne don a zo a lallashe shi da abin hannu. Wasu na cewa ai an gama ciniki, ya ba da 'ya ya karɓi shago. Wani mai shayi ma ya sa wa tashar suna tun ba a gina ta ba, yana ce mata Tashar Sadaki.

Na ci gaba da sa maki a littafin da ke hannuna. Sai da na kai ƙarshen shafi na ga na ba yaro mai littafin daidai a lissafin da ya faɗi.

"Babanki ya san da maganar auren?" na tambaye ta.

"Wa bai sani ba? Ai ya ci alawar. Amma ya ce ba shi da hurumin tona abokinsa a gaban mutane. Idan ya tashi ya faɗa ba a sa shi ba, ai ƙara ya kai."

Da na koma gida na tarar da Baffa Mustapha a tsakar gidanmu, a kan kujerar roba, babbar rigarsa a naɗe a kafaɗa. Umma tana bakin murhu tana tankaɗe fulawar cincin ɗin Juma'a. Baba yana zaune a kan buzu, kansa a ƙasa. Na gaishe su na shige ɗaki, amma labulen ɗakina ba ya tare magana.

Baffa ya yi bayaninsa dalla-dalla, kuma ba zan ce babu hankali a ciki ba. Ya ce yarinya tasa ce. Shi ya yi mata huɗuba, shi ya karɓi gaisuwa, shi zai ba da aure. A al'adarmu Maiturare ba shi da ta cewa a auren nan, to ta ina maganar ta shafe shi? In akwai wanda ya kamata ya fita daga ɗakin taro, shi Mustapha ne, shi kuwa ba kansila ba ne.

"Ka je ka zauna a kujerarka, ka ɗaga hannu a inda ya dace, ka dawo gida. Kada ka je ka tsaya gaban yara da Kiristoci da kowa da kowa kana ambaton auren 'yar fari. Babanmu bai yi ba, ni ban yi ba."

Umma ta sa baki ba tare da ta ɗago ba. Ta ce ita dai a duba mata, yarinya ta shekara ashirin da bakwai, samarin garin nan rabi sun gudu Kaduna da Minna a shekarun tashin hankali, waɗanda suka rage kuma ba kowa ke son mai aikin gwamnati ba. An samu yaro mai sana'a mai mutunci, kada a kore shi da tsirfa.

Baba bai ce komai ba sai "To, Yaya." Gaban Baffa ba ya wuce haka.

Da Baffa ya tafi, na leƙa ta gefen labule. Baba yana nan a kan buzun, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa yana jujjuya ta. Mutumin nan shekara da shekaru yana auna turare, bai taɓa haɗa na wani da ruwa ba. Na ga ba zai iya zama ya ɗaga hannu ba, na kuma ga ba zai iya tashi ya yi magana ba. Abin da zai yi shi ne ya sake kwanciya ciwo, kasuwa kuma ta ƙara wa tashar wani sunan.

A aji, idan yaro ya san amsa amma kunya ta hana shi faɗa, ba na tsare shi da ido. Nakan ce ya raɗa wa na kusa da shi, shi kuma ya faɗa mana. Kuma ai haka manyanmu ke yi. Babu uban da ke ba da auren 'yarsa da bakinsa, wakili yake sawa. Na ce a raina, in ana wakilci a ɗaurin aure, me zai hana a yi a ɗakin taro?

Matsalar ita ce wakili sai an aike shi. Baba ba zai aika ba. Baffa ba zai aika ba. Umma ba za ta aika ba.

Ranar Talata da aka tashi daga makaranta na bi Laraba gidansu. Na sa dogon hijabi ruwan bula, na saya wa mamanta lemo a hanya. Mun tarar da Kansila Andrawus a bayan gida yana gyara buhunan citta, da singileti da tsohon wando. Na durƙusa na gaishe shi. Ya sa aka kawo mini kujera, na ce ƙasa ta ishe ni.

Na daɗe ina kewaye-kewaye, ina tambayar gona, ina tambayar ciwon ƙafarsa. Ya bar ni har na ƙare.

"'Yata, ba ciwon ƙafata ya kawo ki ba."

Na ce, "Baba, gobe in an yi tambayar nan, ina roƙon ka faɗa a madadin mahaifina. Ka ce daga gidansa aka aiko ka."

"Shi ya aiko ki?"

"A'a."

"Mustapha?"

"A'a. Ni ce."

Ya zauna a kan buhu ya dube ni. Ya ce in sani, shi yana cikin masu son hanyar Funtuwa, don mutanen ƙauyensu ta can suke fitowa da kaya. In Maiturare ya fita, ƙila su rasa. Wannan bai dame shi ba, an saba. Amma yaron nan mai gonar fa? Ya ga bulon da ya sauke. Na yi shawara da shi?

Na ce ban yi ba.

"In kika yi, zai hana ki?"

Na ce ban sani ba, kuma ina jin tsoron in sani.

Sai ya kira Laraba da yarensu ya ce ta ɗebo mini citta in kai wa Umma. Da zan fita ya ce, "Zan kalli fuskar Maiturare tukuna. In na ga ba ya so, ba zan buɗe baki ba."

Da safiyar Laraba na ji Baba yana tari a ɗaki, irin tarin da ake shirya ciwo da shi. Sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Kansila Andrawus ne da kansa, ya ce ya biyo su tafi tare, kuma ba zai tafi ba sai da shi. Baba ya fito cikin farar shadda da Umma ta goge tun jiya, ya hau bayan babur kamar wanda za a kai asibiti.

Ina cikin koya wa yara jam'in suna saƙon Abdulfattah ya shigo: "Na ga Baba ya wuce. Alhamdulillah da sauƙi." Na kife wayar a kan tebur.

Abin da ya faru a ɗakin taron, Laraba ce ta ba ni bayan azahar, kamar yadda babanta ya ba ta ta waya. Shugaban kwamiti ya yi tambayar da sauri kamar kullum, yana shirin wucewa. Baba ya sunkuyar da kai, gumi yana bin wuyan rigarsa. Kansila Andrawus ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya miƙe.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, an aiko ni daga gidan ɗan'uwana Maiturare. Mai gonar da ke jikin filin hanyar Funtuwa yana neman aure a gidansa, an karɓi gaisuwa. Shi ba zai iya faɗa ba, kun san dalili. In na yi ƙarya, ga shi nan zaune."

Shugaban ya juya ya tambayi Baba ko haka ne. Baba ya gyaɗa kai sau ɗaya. Wani kansila ya ce gyaɗa kai ba magana ba ce, shugaban ya ce shi dai ya gani, magatakarda ma ya gani, a rubuta. Aka rubuta cewa duk zaman da za a yi kan tashar nan, yau ko gaba, ba da Maiturare ba. Baba ya tashi ya fita, ya zauna a benci a baranda tare da masinja har aka gama.

Waɗanda suka rage suka yi kunnen doki. An tura maganar gaban dukkan kansiloli a wata mai zuwa. Tireloli dai suna nan a ƙofar makarantarmu, bulon Abdulfattah kuma yana nan a gona.

Kafin la'asar labari ya riga Baba isowa gida. Baffa Mustapha ya shigo ko sallama bai gama ba. Ya ce an kunyata shi, an mai da shi ba kowa ba, an ɗauki maganar gidansu an ba wani ya shelanta. Yana so ya san wanda ya aiki Andrawus. Ya tambayi Umma, ta rantse ba ita ba ce. Ya juya kan Baba.

Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakina, na buɗe baki zan yi magana, sai Baba ya riga ni.

"Daga gidana aka aike shi, Yaya. Ka yi haƙuri."

Baffa ya tsaya yana kallonsa, don bai saba jin jimla biyu daga bakinsa ba. Ya kaɗa riga ya ce in mutanen nan suka fasa zuwa Juma'a, kada kowa ya neme shi. Ya fita. Umma ta zauna a kan turmi ta rafka tagumi, ga kwanon cincin a gabanta an soya rabi.

Wayata ta yi ƙara. Abdulfattah ne.

"An ce an gan ki jiya a gidan Kansila Andrawus."

Na rubuta: "Ni ce na je."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Na rubuta amsa mai tsawo, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Daga ƙarshe na tura: "Na ji tsoron ka ce kada in je."

Ya karanta. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Na zauna a bakin gado ina kallonta har aka kira la'asar. Abin da ya shigo a ƙarshe shi ne: "Kawunnaina suna gidanmu yanzu. Za mu yi magana." Babu Malamata a ciki.

Da Baba ya dawo daga masallaci ya tsaya a tsakar gida, ya juya wa ɗakina baya, ya yi magana da Umma da muryar da ya san zan ji.

"A cikin zabbin nan a kama biyu masu kyau. Gobe in yarinyar nan za ta makaranta, ta biya ta kai wa Andrawus. Ta san hanya."

Auta ta toshe baki tana dariya. Umma ta harare ta, ta tashi ta mai da kasko kan wuta. Ta ce ko sun zo ko ba su zo ba, ita ba za ta bar ƙullin fulawa ya lalace ba. Ta ce in fito in taya ta yanka, in daina zama da waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

Na fito na zauna kusa da ita, na ɗauki wuƙa. Wayar na bar ta a kan gado.

A ranar na fahimci Baba ya daɗe yana son fita daga ɗakin taron nan, wanda zai faɗa a madadinsa ne ya rasa. Game da Abdulfattah kuwa, abu ɗaya na sani. Yanzu babu abin da Baba zai iya yi masa a kan tasha. Idan mutanensa suka yi sallama a ƙofar Baffa jibi bayan la'asar, ni suka zo nema.